Malama Amatullahi, Wadda Ta Sa Na Fasa Bango a Lyon

Na Allah ne mu, kuma wurinSa makomarmu take. Ranar Talata, 12 ga Mayu 1998, a tsakiyar watan Muharram, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Amatullahi Dodo a wani asibiti na birnin Paris, bayan jinyar wata tara. Shekararta arba'in da ɗaya. Ina kan tsani a wani gini da muke yi wa aikin wuta a Sevran aka ce ana kirana a talho. Mijinta ne, Malam Habibou. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Muntari, Malamarku ta cika." Na ajiye kan talhon, na koma gindin tsanin na zauna, har abokan aikina suka gane da kansu, suka tattara mini kayana.

Akwai waɗanda suka fi ni sanin zurfin karatunta, da yadda ta baro Tahoua tana budurwa ta zo Lyon ta karanci ilimin lantarki har ta zama injiniya. Su za su faɗi wannan. Ni mai ja da waya ne, abin da na gani da idona kawai zan faɗa. Kuma Malama, ki bar ni in yi magana da ke kai tsaye, don ke ma ba ki taɓa son kewaye-kewaye ba.

Mun haɗu a watan Oktoba na 1992, kuma ba haɗuwar daɗi ba ce. Lokacin shekarata bakwai a Faransa. Na koyi aikin wuta a Maraɗi da ido da hannu, na zo da shi nan, ina aiki ƙarƙashin wani ɗan Portugal mai ƙaramin kamfani a Stains, kusa da Paris. Sai ya samu aikin mayar da wani tsohon ɗakin ajiyar kaya gidan rainon jarirai a Lyon, ya ce ni zan jagoranci aikin wutar gaba ɗaya. Ya yi mini alkawari idan aka karɓi aikin lafiya zai ba ni takardar aiki ta dindindin. Da wannan takardar ce hukuma za ta yarda in kawo matata Fatsima da ƴaƴanmu biyu daga gida. Ƙaramin cikinsu sau biyu kacal na taɓa ganinsa.

Ga wanda bai san sana'ar ba: a nan ba a binne waya tsirara cikin bango. Bututun roba ake shimfiɗawa, a shafe shi da siminti, sannan a zura wayoyin a ciki. Inda bututun ya lanƙwasa muna ce masa gwiwa. Idan tafiyar ta yi tsawo ko gwiwoyi sun yi yawa, sai a sa ɗan akwati mai murfi a tsakani, inda hannu zai iya shiga ya ja wayar. A ɗakin barcin jariran akwai wani katafaren ginshiƙi da ƙofa da suka tare mini hanya. Sa akwatuna zai ci mini kwana biyu, ni kuwa sauri nake. Sai na zagaye su da bututu ɗaya, na shafe. Da muka zo zura waya ta ƙi wucewa. Muka shafa mata sabulun wanke kwano, mu uku muka ja da ƙarfin tsiya har ta ɓullo. Muka kunna, fitilu suka kama. Na kwana ina jin ni gwani ne.

Ranar dubawa kika shigo da hular kwano a kan kallabi, da takalman aiki, da tocila a hannu. Kamfanin da ke duba ayyukan wuta kafin a buɗe gini ne ya turo ki. Faransanci kawai kike yi, ban ma kawo a raina ke tamu ce ba. Kika buɗe akwatin bakin ƙofa, kika kama waya guda da yatsu biyu kika ja. Ko motsi ba ta yi ba. Sai kika bi sawun sabon simintin da yatsa, daga ƙasa zuwa sama, kina ƙirga a hankali. Na ji da kunnena: "Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyat."

Wannan "biyat" ɗin ta mutanen Adar, yankin Tahoua, ta sanyaya mini zuciya. Na ce a raina an gama, Allah Ya kawo mini ƴar gida. Na matso na gaishe ki da Hausa, kika amsa da fara'a, kika tambayi garinmu da sunana. Daga nan na kwashe komai na faɗa miki, Fatsima, da yara, da takardar da nake jira. Na ce, "Ki rufa mini asiri. Ga fitilu nan suna ci, ki gani."

Kika ce, "Malam Muntari, na ga fitilu. Abin da ke cikin bangon ne ban gani ba, kai ma ba ka gan shi ba. Mutum nawa suka ja wayar nan?"

Na ce, "Uku."

Kika ce, "To ba zan sa hannu ba. A jikin bangon nan za a jera gadajen jarirai."

Na faɗa miki magana mai zafi. Na ce dama an ce naka shi ke ba da kai. Kika rubuta abin da za ki rubuta, kika yi mini sallama cikin ladabi, kika fita.

Kwana biyu bayan nan na ɗauki guduma na fasa bangon da na shafe da hannuna. Da na yanke bututun a gwiwa ta huɗu na zaro wayoyin, sai na ga robar da ke jikin biyu daga cikinsu ta saɓule, jan ƙarfe a waje tsawon ɗan yatsa, suna kwance kusa da juna. Wanda ya san wuta ya san ƙarshen wannan. Ba ranar farko take nunawa ba. Sai wata rana cikin hunturu, an kunna na'urorin ɗumama ɗaki duka, waya ta ɗauki zafi a inda ba mai gani. A lokacin an riga an kawo gadajen, guda goma sha takwas, suna jibge a baranda cikin ledarsu. Na daɗe a tsaye ina kallonsu da guntun wayar a hannuna.

Ranar Juma'a kika dawo ganin inda aka kwana. Na nuna miki wayar, ina jiran ki ce ai kin faɗa mini. Ba ki ce ba. Kika ciro wani littafi mai kauri daga jaka, littafin dokokin aikin wuta na ƙasar nan, kika buɗe shafi kika miƙo mini. Na riƙe shi ina kallo. Shekara bakwai ina ɓoye wa kowa cewa ban iya karanta boko ba, amma ke cikin minti guda kika lura idona ba ya tafiya a kan layin. Kika jira har sauran ma'aikata suka fita cin abincin rana, sannan kika ce, "Wane karatu ka yi a gida?"

Na ce, "Allo."

"Kana rubuta ajami?"

Na ce ina yi.

Kika ce, "Nemo takarda. Ba zan zana maka gyaran ba, tunda ni zan duba shi. Amma doka ba sirri ba ce, haƙƙinka ne ka san ta."

Kika zauna kan buhun siminti, na durƙusa a gefe da bayan wata takardar kaya a kan gwiwata, kina faɗa da Hausa ina rubutawa. Cewa dole waya ta iya shiga bututu ta fita cikin sauƙi bayan an gama shimfiɗa shi, domin wanda zai zo gyara bayan shekara ashirin kada ya fasa gida. Cewa wayoyi kada su cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin bututun. Cewa gwiwa tana da iyakar yadda za a matse ta, gwargwadon kaurin bututun, kuma kowace gwiwa tana ƙara wa waya gurzuwa, shi ya sa masu aikin ƙwarai ba sa barin su wuce uku ba tare da sun sa akwati ba. Da muka gama kika karɓi takardar kika karanta, har kika gyara mini wasali guda. Ashe mahaifinki malami ne, a zaurensa kika fara karatu kafin lakkal, wato makarantar boko.

Kwana tara na yi ina gyara. Kika dawo, kika ja kowace waya da yatsu biyu ta biyo ki, kika sa hannu. Amma an buɗe gidan rainon a makare da mako biyu, maigidana ya sha faɗa wurin masu ginin, ni ma ya sauke mini nawa. Bai kore ni ba, sai dai ya mayar da ni ƙaramin ma'aikaci, maganar takarda kuwa ta mutu. Na rubuta wa Fatsima cewa ta ƙara haƙuri. Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba: na san kin yi gaskiya, na kuma yi wata da watanni ina jin haushinki. Abubuwan biyu suka zauna tare a zuciyata, ba wanda ya kori wani.

Bayan kusan shekara, wata Lahadi da la'asar, aka kira ni a talhon gidan ƴan ci-rani da nake zaune. Na ɗauka, na ji an ce, "Malam Muntari, Amatullahi ce, ta Lyon. Lafiya lau muke, kai ma na san lafiya. An mayar da ni Paris, muna Bobigny. Mutum nawa ka sani masu aikin wuta da ba su da takardar shaida?" Haka gaisuwarki take a talho, kina amsa wa mutum tambayar da bai riga ya yi ba. Dattawanmu sun sha yi miki tsiya a kan haka, kina dariya kina cewa gaisuwar tana nan ajiye, idan an haɗu za a biya.

Na ce na san mutum shida. Kika ce in kawo su ranar Asabar da ƙarfe tara.

Haka ajin Asabar ya fara, a wani ɗakin taro da ke ƙarƙashin dogon bene a Stains, mai ƙamshin fenti da kujerun yara. Mu bakwai ne ranar farko, ƴan Nijar huɗu, ƴan Mali biyu, da wani ɗan Kamaru. Dukanmu mun daɗe muna aikin, hannunmu ya iya, amma idan aka shimfiɗa mana zanen gini sai mu yi ta gyaɗa kai kamar mun gane. Kika ce manufarki ɗaya ce, kowannenmu ya zauna jarrabawar sana'a ta gwamnati da ake kira CAP ya samu shaidar sana'arsa, yadda ba wanda zai sake riƙe shi da alkawarin baki.

Ba ki fara da littafi ba. Kika zo da wani faffaɗan katako da kika kafa wa tiyo mai haske, irin wanda ake ganin cikinsa, layi uku: na farko gwiwa biyu, na biyu gwiwa uku, na ukun gwiwa biyar, ɗaya a matse. Kika ba kowa waya ya zura ya ja. Mamadu, ɗan Mali, dattijo mai shekara hamsin da ya fi mu duka daɗewa a sana'ar, ya ja ta ukun har jijiyar wuyansa ta tashi, yana kallon robar tana kankaruwa a gaban idonsa. Ya saki, ya zauna, ya ce da Faransancinsa na kasuwa, "Shekara ashirin ina yin haka a gidajen mutane." Kika ce masa, "Daga yau ka daina, shi ke nan. Tashi ka gwada ta farkon." Ban taɓa jin kin kunyata babba a gaban mutane ba, ban kuma taɓa jin kin ce wa kuskure daidai ba.

Rabin lokacin ajin na wuta ne, rabi na karatun boko. Takardar nan ta Lyon ita ta zama shafin farko na wani kundi da muka yi ta ƙarawa, ajami a dama, Faransanci a hagu, har ya kai shafi tamanin. Ana ta buga kwafinsa, na ji har a Marseille akwai masu amfani da shi. Kina aiki kwana biyar a mako, kina da ƴaƴa biyu ƙanana, amma cikin shekara huɗu Asabar uku kawai na san kin fasa zuwa. Malam Habibou ne ke zama da yaran, wani lokaci ya biyo da su da tulun shayi da burodi. Ladan ajin nan da rabonsa a ciki.

Farkon 1994 wani kamfani ya gwada ni da zanen gini, na karanta, suka ɗauke ni aiki na dindindin. Jarrabawar kuwa na faɗi a karon farko, a ɓangaren rubutu. Na ce na haƙura, tsufa ya kama ni. Kika ce, "Ranar Asabar da ƙarfe tara," kika ajiye talho. Na ci a shekara ta biyu. Wannan ta'aziyyar ma da hannuna na rubuta ta, da baƙaƙen da kika koya mini, kuskuren da ke ciki nawa ne.

Fatsima da yara sun sauka a watan Disamba na 1994, shekara guda da rabi bayan lokacin da na yi mata alkawarin za su zo. Kwana uku da zuwansu kika zo gidanmu da rigunan sanyi da tukunyar miyar kuka. Ban taɓa gaya wa Fatsima abin da ya faru a Lyon ba, kunya ta hana ni. Kuna zaune kuna gaisawa, gaisuwa mai tsawo wannan karon, sai na ji kin ce mata, "Yaya Fatsima, ni ce na jinkirta zuwanki. Na ƙi sa hannu a kan aikin maigidanki. Da za a sake, haka zan sake yi, amma na san ke kika ɗauki nauyin, ina so ki ji daga bakina." Kika ba ta labarin duka, har da gadajen.

Fatsima ta dube ni, ta dube ki. Sannan ta ce, "Da kin sa hannu wani abu ya sami ƴaƴan mutane, da wane ido zan dubi nawa? Zuba mana miyar nan, ƙanwata, tun a jirgi nake marmarinta." Tun daga ranar kuka zama abin da kuka zama. Ke kika raka ta asibiti haihuwar autarmu, ita kuma ita ta yi ta kai miki kunu a watannin jinya, har ranar da kika daina iya sha.

Ciwon ya bayyana a watan Agustan bara. Kika ci gaba da zuwa aji har ƙarshen Janairu, kina koyarwa a zaune. Da ƙafa ta gaza, sai kika sa Malam Habibou ya kawo miki rikoda, kina kwance kina ɗaukar darasi a kaset, ana kawo mana duk Asabar. Kaset goma sha huɗu muke da su. A cikin na ƙarshe muryarki ta yi ƙasa sosai, kina tsayawa kina hutawa, amma har kika tuna kika ce a gaya wa Mamadu ya daina tsallake lissafi.

Na je duba ki kwana biyar kafin rasuwarki, bayan sallar azahar. Na shirya maganganu da yawa a hanya, na neman gafarar abin da na faɗa miki a Lyon, wanda ban taɓa janyewa da baki ba. Da na fara sai kika ɗaga hannu kika ce kin yafe tun kafin ki kai bakin ƙofa ranar. Kika tambaye ni mutum nawa suka yi rajistar jarrabawar bana. Na ce goma sha ɗaya, har da Nadia, mace ta farko a ajinmu, wadda ta bar aikin shara a otal ta zo koyon sana'a. Kika yi murmushi, kika ce, "Kai da Mamadu za ku riƙe su. Kun san komai da na sani a kan wannan. Kada ku sassauta musu don kuna son su." Na ce ban isa ba. Kika ce ba tambayata kike ba.

An yi miki salla a Bobigny ranar Alhamis, kafin a tafi da ke Tahoua inda aka binne ki kusa da mahaifinki. A sahun sallar na ƙirga mutum talatin da ɗaya da suka samu shaidar sana'a ta hannunki. Wasu sun zo da kayan aiki a jikinsu, daga wurin gini kai tsaye. Huɗu daga cikinsu yanzu suna da kamfanin kansu, ɗaya ya koma Zinder ya buɗe wurin koyar da matasa. Yawancinsu iyalansu suna tare da su a ƙasar nan.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Habibou, wanda ya ba mu aron matarsa duk Asabar bai taɓa nuna gajiya ba. Ina miƙa ta ga ƴaƴanta, Sufyan da Leïla: ku sani duk inda kuka ga ɗaya daga cikinmu, kun ga kawunku, ƙofofinmu a buɗe suke gare ku. Ina miƙa ta ga mahaifiyarta, Hajiya Husainatu, da ƴan'uwanta a Tahoua, da abokan aikinta na Lyon da Paris, da dukan ɗaliban ajin Asabar, na da da na yanzu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta.

Ya Allah, baiwarKa Amatullahi ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, Ka sa ilimin da ta bari ya zama sadaka mai gudana da za ta riƙa isa gare ta. Ka raya ƴaƴanta bisa tafarkin da ta so musu. Ka haɗa ta da iyayenta da salihan bayi a Aljannar Firdausi, mu kuma idan tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙonsa addu'a biyu. Ɗaya ga Malama. Ɗaya kuma ga mutum goma sha ɗaya da za su shiga ɗakin jarrabawa a watan gobe. Asabar ɗin da ta wuce, kwana huɗu da rasuwarta, na je na buɗe ɗakin ina zaton ni da Mamadu kaɗai za mu zauna. Na tarar da su duka a bakin ƙofa, kowa da kundinsa a hannu, suna jira.

Muntari Kamalu
Stains, 20 ga Mayu 1998